Wuyan Rigar Saje

Wata Asabar da hantsi, a ranin shekarar da na shiga aji huɗu, tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin, ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu da ɗan soja a hannun hagu, 'yar rigarsa a dama, takaici ya cika mini ciki. Rigar ta ƙi shiga. Na juya ta, na karkata kan, na tofa wa wuyan yawu ko zai saki, amma kan nan ya tokare.

Saje muke ce masa. Da yumɓun bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, na gina shi, na sa masa wayar tsohon keke a kafaɗu da gwiwoyi don ya iya sara wa mutum, sannan na gasa shi a murhu bayan Inna ta sauke tuwo. Duk yaran ƙauyenmu, da ke tsakanin Kura da Bunkure, suna gina sojoji, amma nasu tsirara suke, in sun yi ƙoƙari su shafa musu gawayi. Ni nawa kaki zai sa, domin ba nawa ba ne. Na abokina Bitrus ne, wanda babansa ya zo daga Filato yana gyaran injinan ban ruwa. Tare muke korar tsuntsaye a gonar alkama, tare muke wanka a kanal a sha duka tare. An ce za su koma garinsu da zarar tumatir ya ja baya, shi ya sa na yi masa alkawarin Saje da cikakken kaki. Ƙyallen ma shi ya kawo, koren aljihun tsohuwar rigar aikin babansa, kuma babu wani bayansa.

Kuskuren da aka samu, na auna rigar da jikin Saje, ban auna da kansa ba, ga shi na gina masa kai da hular kwano a haɗe. Na ɗauko reza na ɗan ƙara wuyan. Bai shiga ba. Ina cikin ƙarawa Baba ya ƙwala mini kira, ruwa ya iso layin gonarmu, in zo in riƙe masa fatanya. A gaggauce na zagaye wuyan da reza na cusa rigar a aljihu. Da na dawo da yamma, jikina duk taɓo, na gwada, sai ta shige salin alin, ta kuma zarce. Wuyan ya sauko har gwiwar hannu, zare ya fara zazzarewa ta kowane gefe. Yaran layinmu suka yi ta dariya, wani ya ce, "Saje ya ari rigar kakarsa." Bitrus bai yi dariya ba, cewa ya yi a haka ma yana so. Ni ne na ƙi.

Daga nan kullum da abin da zai ɓata mini rai. Na yi wa wuyan kalmasa, yatsuna suka fi ƙarfin wurin, allura ta yi ta sukata, kalmasar ta yi kauri ta tattare kamar bakin buhu, kai ya sake ƙin shiga. Na farke, ƙyallen ya cika da huji. Ga makaranta da safe, ga tsinkar tumatir, ga kai abinci gona, ga allo. Ɗan lokacin da nake samu kafin magariba, a kan wuyan nan yake ƙarewa.

Da na rasa yadda zan yi na kai wa yayata Hajara, mai ɗinkin hula. Ta ɗaga rigar da yatsu biyu ta daɗe tana kallo.

"Kai Sabi'u, ka taɓa ganin an yanke wuyan kaftanin Baba don kansa ya shiga? Tsaga ake yi a gaba."

Na roƙe ta ta gyara. Ta ce sai an yi wa wuyan baki da wani ƙyallen kafin a tsaga, kuma sai ta gama hular da mai ita ke jira ran kasuwa. Na yi ta zarya a ƙofar ɗakinta har ta fara korata. Ranar da ta zauna a kai, da ɗan baƙin ƙyalle ta zagaye wuyan, ta tsaga gaban, ta ɗinka ƙwayar dutsen ado guda a matsayin maɓalli. Rigar ta shiga, ta zauna daram a kafaɗa.

Da gudu na bi gefen kanal zuwa gidan su Bitrus. Na tarar da ƙofa a buɗe, ɗaki a share. Maƙwabciyarsu ta ce sun tafi tun da sassafe, motar tumatir suka samu mai zuwa Jos, direban ya ce ba zai jira ba. Ta ce yaron ya yi ta waige yana tambaya ko na zo. Na daɗe a tsaye a tsakar gidan da Saje a hannu, ban san wa zan ji wa haushi ba, Yaya Hajara, ko direban, ko rezar.

Yanzu 'ya'yana na wasa da sojojin roba na kasuwa, rigunansu ta baya ake buɗewa, a manna a ɓalle ba wahala. In ɗaya ta yage su jefar su nemi wata. Ba sa soke yatsa, ba sa jiran kowa ya gama hula, kuma ban taɓa jin sun yi wa wani alkawarin ko guda ba. Ban sake ganin Bitrus ba. Da na san haka ne, da na ba shi Saje da wuyan rigar a yage.