Guɗar da Na Kasa Gogewa

Tun da na fara sana'ar ɗaukar sautin mawaƙa a wurin wasa, ba abin da na tsana kamar hayaniya. Tari, jan kujera, rurin janareta, duk abokan gabana ne. Ina da ɗan shago a Fadaman Mada, kwamfuta ɗaya da lasifika biyu, a nan nake bin waƙa ina tsince mata datti kamar mai tsintar shinkafa. Abokan sana'a kan tsokane ni wai in an bar ni har numfashin mawaƙi zan goge. Ni kuwa yabo na ɗauke shi.

Wata shekara ƙungiyar mata 'yan kasuwa ta shirya wasan Amada a wani ɗakin taro a Gwallameji, suka kira ni in ɗauka. Zabiyar tsohuwa ce, murya ta fara dishewa, kowa ya san wasanta ya kusa ƙarewa. Tun azahar na isa da kayana, na ja wayoyi, na kafa makirufo gabanta, na kafa wajen ƙwarya da wajen 'yan amshi. Na sa aka yi shela kowa ta kashe wayarta, don kada ta sa mini ƙara a na'ura. Na zaga ɗakin nan ya fi a ƙirga. In ina aiki ba na iya zama, ko an ba ni kujera jakata ce ke hawa.

Ana fara kiɗa bayan la'asar sai wata doguwar tsohuwa mai jan mayafi ta taso, ta tsaya daf da zabiyar, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Na ji kamar an soka mini tsinke a kunne. Raina ya ɓaci, na je na durƙusa gefenta.

"Inna, don Allah ki ja baya, kina ɓata mini aiki."

"Ɗan nan, tun ba a haife ka ba a nan nake tsayawa."

"To yau dai ki tsaya can."

Ta yi dariya, ta ja baya taku biyu, kafin in koma wurina ta dawo. Duk baitin da ya yi mata daɗi sai ta sake ta. Daga baya aka gaya mini ƙanwar zabiyar ce, ciki ɗaya. Na ce ko gyatumarta ce, a kwamfuta za mu haɗu.

Mako guda na yi ina bin guɗar nan ina yankewa ɗaya bayan ɗaya. Duk na ci galabarsu sai guda ɗaya, wadda ta faɗo a tsakiyar baiti, a kan muryar zabiyar. In na cire ta baitin ya tafi. Kwana biyu ina fama, in tashi in zaga shago in dawo, har shayina ya huce sau nawa. A ƙarshe na bar ta ina tsaki. Na miƙa aiki, aka yaba, na goge katin na'ura da na yi ɗaukar farko a kai, na tafi da shi aikin mawaƙan wata coci.

Bayan damina sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya ƙofar shagona, zabiyar ta fito tana dogara sanda. Na ba ta kujera, muka gaisa.

"Ɗana, ƙanwata ta rasu. Wadda ka kora."

Na yi mata ta'aziyya.

"An sa mini waƙar nan a gida, na ji kaina tas, amma ita ban ji ta ba. Muryata na gaji da ita. Guɗarta nake so ka ba ni."

Na miƙe. Na zazzage durowa, na gwada duk katin da na mallaka, na shiga kowane lungu na kwamfuta ina gumi. Na kira shugabar ƙungiyar ko wata ta ɗauka da waya. Ta ce ai kai ka ce a kashe. Tsohuwa tana zaune, ta haɗa hannuwa a kan sanda, tana bina da ido duk inda na yi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sai na tuna da waccan guɗar mai taurin kai. Na nemo baitin, na ƙara murya. Ƙwarya ta tashi, zabiyar ta shiga, guɗar ta faɗo a kanta, doguwa, mai kaifi, ta cika shagon.

"Maido," in ji ta.

Na maido. Ta sake cewa maido. A karo na huɗu ta sa bakin mayafi ta share ido.

"Ita ke nan?"

"Ita ke nan, Inna."

Ta jinjina kai. Sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka da ka bar mini wannan."

Na ce amin. Ban iya gaya mata kwana biyu na yi ina neman yadda zan goge ta ba.