Makullin Babur Ɗin Baba

Tun ina goye Baba yake kai Mma kasuwa a babur daga gidanmu na unguwar Gurugu a Tamale, ita a baya, gyalenta na kaɗawa. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, ban taɓa ganin masoya kamar su ba.

Da ya fara tuƙi kamar mai dakon ƙwai, yana tsayawa a mararraba ba dalili, sai na ce wa Mma, "So ne. Ba ya son hanyar ta ƙare."

"So a gidan wa? Jiya a shagon tela ya sauke ni, ni mai sayar da tumatir!"

Ita ta ja shi asibiti, ina biye. Likita ya auna shi, ya tambayi maganin hawan jininsa.

"Na daina sha. Ba inda ke min ciwo."

Likita ya ɗora abin saurarensa a wuyan Baba.

"Ɗana, zuciyar tana ƙasa."

"Na sani, Alhaji. Hanyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa nake saurare."

Hoto ya nuna jijiyar wuyan ta tsuke, ƙwaƙwalwar kuma da 'yan tabo. Likita ya ce ƙananan shanyewar jiki ne, masu shiga ba sallama; babbar ake gudu yanzu. Magani kullum, a rage gishiri, tuƙi kuma a haƙura.

Maganin ya karɓa, gishirin ya yafe, makulli kuwa ya ce sai dai a binne su tare. A Tamale, in ji shi, dattijo ba babur ai kaza ce figaggiya.

Washegari ya tura babur ɗin waje. Mma ta riga shi zama, ta kama kan babur ɗin, ta miƙa masa tafin hannu.

"Alhaji, kawo."

"Kin iya?"

"Rabin matan garin nan tuƙi suke. Ni kuma na gaji da kallon ƙeyarka."

Ya daɗe yana duban hannunta, kafin ya sa mata makullin, ya hau baya.

"To, kada ki bi ta majalisarmu."

Ta can ta bi, har da hon. Abokansa suka miƙe suna yi masa ihu, "Amarya, riƙe da kyau!"

Baba ya gyara hula, ya zagaye ƙugun Mma da hannu biyu, ya ce musu hassada ce.