Ranar da Inna ta ƙi tsallake ɗan Lami

Da safen nan na dama koko, na zaunar da Inna a kan tabarma a gindin darbejiya. Ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga gona. Baba ya daɗe a ƙasa, amma na ce mata yana hanya. Haka muke yi kullum. Ta sha rabi, ta zuba wa kaji sauran.

Inna ce ungozomar ƙauyenmu a ƙasar Gwiwa tun ban san kaina ba. Da wuya ka nuna magidancin da ba ita ta yanke masa cibi ba. Da tsufa ya zo mata, sai ya zo da rikicewa. Takan fita ba mayafi, ta faɗa gidan mutane, ta ɗauki jariri tana kiransa da sunan wani. Shi ya sa da mijina ya rasu na dawo na zauna da ita. Bara muka kai ta asibiti a Kazaure. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba aljanu ba ne, a lallaɓa ta, kada a bar ta ita kaɗai. Ba ni kaɗai na ji ba. Yayana Haruna yana tsaye. Lami ma tana nan, ƙawata tun muna tallar gyaɗa, katangarmu ɗaya. Ita ce ma ta riƙe wa Inna takalmi.

Da hantsi na ji kuka daga gidan Lami. Ɗanta Auwalu, wanda bai daɗe da yaye ba, ya kwana da zazzaɓi, yanzu ya fara jijjiga. Na ɗauki mayafi zan leƙa, sai na ji sunan Inna ta bayan katanga. Wai jiya ta shafa kansa.

Rana ta take tsaka dutsen farko ya faɗo a kan kwanon ɗakinmu. Na biyu ya fasa randa. Sai ƙofar zaure ta ɓalle.

"Fito da mayya!"

Mutanen ƙauye suka cika gidan, babu baƙo ko ɗaya a cikinsu. Suka shimfiɗe yaron a tsakar gida, idonsa ya kafe. A wajenmu in an ce maye ya kama kurwar mutum, sai a sa shi ya tsallake shi, wai ta haka zai saki. Suka finciko Inna daga tabarma.

"Tsallaka! Tsallaka ki sake shi!"

Ni ma na ce, "Inna, don Allah ki tsallaka mu huta."

Inna ta dubi yaron. Ta durƙusa, ta ɗora tafinta a goshinsa. Ta ce, "Ba a tsallake yaro, ba zai girma ba. Jikinsa da zafi, ku kawo ruwa." Sunana ya ɓace mata, amma wannan bai ɓace ba.

"Ta ƙi! Kun gani, ta ƙi!"

Sanda ta sauka a kafaɗarta. Na ji ƙarar. Na faɗa kanta, ta biyu ta same ni a baya. Na ɗago na hango Lami, na ce, "Lami, ke fa kin ji abin da likita ya ce!" Ta ja mayafi ta kau da kai. Na nemi Haruna. Yana bakin zaure, hannuwansa a baya kamar mai kallon dambe. Da idanu suka koma kansa sai ya ce, "Ni ma ban san me take ciki ba." Cikin nan ne ya ɗauke shi wata tara. Duka ya warke, wannan magana har yau tana ci na.

Na ji warin fetur. Wani ya cinna wa ɗakin girki wuta, jinkar ta kama nan take. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Lami ta sure ɗanta, mutane suka ja baya suna tari. Ladan ya fara kiran azahar. Na sunkuya na goya Inna, na ɗaure ta da mayafina, na bi ta ramin dangar da awaki suke fita.

Damina ce, gero ya wuce tsayin mutum. Na shige ciki. Ba ta da nauyi, amma ƙafafunta suna dukan ƙaurina. In na ji babur a hanya sai mu kwanta a tsakanin kunyoyin gero, in toshe mata baki. Ta tambaye ni bikin wa za mu. Na ce na dangi ne. Ƙaya ta shiga ƙafata, ban tsaya cirewa ba. Daga nesa ina ganin hayaƙin gidanmu.

Bayan la'asar muka fito titi. Wani direba ɗan garin Babura da ya ɗauko awaki a mota ya tsaya. Ya dubi hannun Inna da ke lilo, bai tambayi komai ba, ya ce, "Ku hau gaba." Ana kiran magariba ya sauke mu a Kazaure, a ƙofar Asabe, 'yar ƙanwar Inna.

An ɗora kafaɗar. Daga baya na ji an kai Auwalu asibiti washegari, zazzaɓin sauro ne, ya warke yana gudu. Babu wanda ya zo daga ƙauyen. Haruna ya aiko da ragowar kayan sawarmu a buhu, suna warin hayaƙi.

Inna ba ta tuna ranar. Takan ma tambaye ni ina Lami, ta ce yarinyar kirki ce. Sai in ce tana lafiya, in fita waje. Har na ɗauka ni kaɗai na taho da abin.

Watan jiya surukar Asabe ta haihu. Ranar suna Asabe ta kawo jaririyar ta ce, "Inna, ga sabuwar baƙuwa, a sa mata albarka." Inna ta dubi jaririyar. Ta janye ƙafafunta, ta ɓoye hannuwanta a bayanta, ta juya ta fuskanci bango. Ta zauna a haka har aka fitar da yarinyar.