Hannun Gwaggo a Ƙwaryar Gyaɗa

Ni dai ban taɓa yarda da bakin mai yabo ba. Mutumin Magarya in ka ba shi littafinka zai ce maka, “Ai ka yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira,” alhali ko bangon bai buɗe ba. Abokan aikina a koleji, inda nake koyar da Faransanci, sun fi kowa iya wannan. Shi ya sa shekara da shekaru ma'aunina ɗaya ne, hannun Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tana zaune a wani ƙauye gaba kaɗan da Dogo-Dogo, wajen ɗanta da matarsa. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ba ta taɓa nuna abin ya dame ta ba. Kowace bazara, kafin ruwan shuka ya sauka, ita ke ɓarar gyaɗar iri ta gidan. Ta ci da ta sayarwa a kai ta inji, amma ta iri da hannu ake ɓare ta, don inji yana fasa tsabar, wadda ta fashe kuwa ba ta tsirowa. Sai ta shimfiɗa tabarma a rumfa, buhu a damanta, ƙwarya a cinya, ka yi ta jin ƙas, ƙas, ƙas tun hantsi har azahar.

A wannan rumfar na gano abin, shekarar da na rubuta labarina na farko. Na je gaishe ta da takardun a jaka, na rasa wanda zan karanta wa, na ce bari in dame ta. Ina karatu tana ɓara. Da na zo inda uwar da ke cikin labarin ta gane rigar ɗanta a jikin wani a kasuwa, sai na ji shiru. Na ɗaga kai, na ga gyaɗa tsakanin yatsunta, ba ta matsa ta ba. Da wurin ya wuce, ƙas ƙas ya dawo. Ba ta ce ya yi daɗi ba, ba ta ce bai yi ba, tambayata ta yi ko na sha fura.

Daga ranar na san yadda zan riƙa aiki. In yi rubutu da damina da kaka da lokacin sanyi, in bazara ta kama in hau moto, wato babur ɗina, kowace asabar in kai mata. Inda hannunta ya tsaya in yi alama a takarda da bik, wato biro, wannan ya zauna. Inda ta yi ta ɓara shafi bayan shafi, in koma gida in yage. Ban taɓa gaya mata ba, don na san in ta sani abin ya lalace. Kuma gaskiya wannan buhun shi ke riƙe da ni. In na gama gyaran kaye, wato littattafan aikin ɗalibai, idona ya yi nauyi, raina yana cewa a bar rubutun nan sai gobe, da na tuna bazara na tafe kuma Gwaggo za ta kwance bakin buhu, sai in jawo kujera. Haka na gama littafi biyu. Na biyun har an karanta shi a gidan rediyon garinmu, ana tare ni a tasha ana tambayata ƙarshensa.

Na ukun ne ya nemi kashe ni. Labarin wani tela ne da ya tafi cirani Agadas bai dawo ba, da yayarsa da ta ƙi sayar da kekensa. Na fara shi da ƙarfi, da na kai tsakiya sai ya daskare. In zauna, in rubuta layi, in soke, in tashi in sha ruwa, in dawo in tarar da layin ya ƙara muni. Ga furfura ta fara cin gemuna. Ga yaran yanzu, har da ɗalibaina, suna zuba labari a waya kullum kamar an kunna famfo, mutane na rububi. Tsoron da nake ɓoyewa shi ne ko abin ya bar ni ke nan. Na san malaman da suka yi littafi ɗaya ko biyu, sannan suka koma masu cewa “da muna rubutu”. In na hango ɗayansu a bakin masallaci sai in sauya hanya.

Haka na lallaɓa na haɗa babi-babi da ban yarda da su ba, bazara ta same ni. Asabar ta farko na isa da hantsi, gumi har cikin takalmi.

“Mushe, ka iso?” in ji Gwaggo. Haka take kirana tun da na fara koyarwa, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu da Faransanci, don tsokana. “Zauna. Ka rame, ko matarka ta daina dafa maka ne?”

Na ba ta amsa, ta yi dariya, ta jawo ƙwarya. Na fara karatu. Ban yi nisa ba na saci kallonta, hannu ya tsaya. Na ci gaba, na sake dubawa, ya sake tsayawa. Ranar alamun da na yi sun fi na kowace rana a rayuwata. Na koma Magarya kaina ya yi girma, ina gaida mutanen da ban sani ba a hanya. Matata ta dube ni ta ce, “To, alhamdu lillahi, yau za a ci tuwo ba a harari kwano ba.”

Asabar ta gaba ce ta ɓata lissafin. Akwai wani wuri da na cika da surutu a kan tashar Agadas, garin da ban taɓa takawa ba. Na san ciko ne, ina karanta shi ina jin kunya. Na ɗaga ido don in ga yadda take ɓara da sauri in tabbatar zan yage, sai na ga hannu a tsaye. A nan? Na yi alamar, amma ban yarda da ita ba. A hanyar komawa, moto na nitsewa cikin yashi ina turawa, tambaya ɗaya ke cina. Ko dai ni ne ban san mai kyau ba ko da na rubuta shi, ko kuwa wani abu ya sami ma'aunin. Duk wanda na ɗauka cikin biyun ba daɗi.

Wannan makon ban rubuta komai ba. A aji ina bayani a bakin allo hankalina na rumfar. Gabas kuma ta fara haɗa hadari da yamma, iska na kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Da an yi ruwan shuka za a sa gero, gyaɗa ta biyo baya, buhu ya ƙare, ni kuma sai wata shekarar. Ga babin ƙarshe ko farawa ban yi ba.

Na koma da wani babin. Ina tsakiyar karatu, akuya ta hau kan turmi a bayan Gwaggo ta ture babbar tasa, ta faɗi a kan dutsen niƙa. Ƙarar har cikin haƙorana. Kaji suka watse, surukarta ta fito daga madafa da muciya a hannu tana kora. Gwaggo ko gezau. Idonta na kan fuskata, hannunta na aiki, ƙas, ƙas.

Na ce bari in gwada ta. Na mai da ido kan takarda kamar ban ga komai ba, amma na bar Hausar. Na shiga karanto wata hadda ta Faransanci da nake ba 'yan ajin farko, da irin muryar da nake karanta labari. Gwaggo ba ta san ko gaisuwa ba da Faransanci. Na yi layi kaɗan, sannan na ɗaga kai a hankali na dubi hannunta. Ya tsaya cak, da gyaɗa tsakanin yatsu, ta ɗan karkata kai kamar wadda abu ya taɓa.

Na ajiye takardun. Surukar tana tsaye da muciyarta, ta ji Faransancin, ta ga komai. Ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, “Yaya, ta hana mu faɗa maka ne. Sai an kai baki kunnenta na hagu. Gaisuwa kuwa ta san abin da ake cewa, bakin mutum take kallo.”

Na matsa kusa da kunnen nata, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi mata ba.

“Gwaggo, ba kya ji na?”

Ta dube ni, ta dubi surukarta, ta yi tsaki. “An faɗa maka ke nan.”

“Ni na gane. To me ya sa kike tsayawa?”

“Kai fa kake dubana,” ta ce. “Ka ɗauka ban sani ba? Tun kana saurayi na ga kana leƙen hannuna kana zane a takarda. Da ina ji, in abu ya kama ni in tsaya. Da kunnen ya tafi, sai na ga in ka ɗago kana son in tsaya ne, sai in tsaya maka.”

“Tun yaushe?”

“Tun shekarar da aka kafa mana famfo.”

Famfon ƙauyen ya riga littafina na biyu. Wanda aka karanta a rediyo, wanda nake taƙama da shi, wanda na yage kusan rabinsa saboda ita, ashe ko kalma ɗaya ba ta ji ba. Me na yage? Me na bari? Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ce mata, har yanzu da ƙarfi, maƙwabta na ji ta bayan danga, “Don me ba ki faɗa mini ba, Gwaggo? Kin san abin da kika yi mini kuwa?”

Ta ɗauki gyaɗa ta matsa, ta zuba tsabar a ƙwarya, ta yar da ɓawon. “In na faɗa maka, me zai kawo ka kowace asabar cikin wannan rana?”

Na buɗe baki in ce ai zumunci, na ce ɗin ma, amma ban kai bakina kunnenta ba, kuma idonta na kan ƙwarya. Na tattara takarduna na hau moto ko furar ban sha ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Na ɗauko littafin na biyu na buɗe, duk shafin da na duba sai in ga kamar na wani ne. Na ce wa matata na bar rubutu. Ta ce, “To,” ta ci gaba da tankaɗe, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Na gwada karanta mata babi ɗaya, ta saurara tsakani da Allah, ta ce ya yi kyau, na ce ai ke dole ki ce haka, ta ce to kar in ƙara tambayarta. Har a waya na ɗauki muryata na kunna ina ɓarar gyaɗar da na sayo a kasuwa, in ga ko hannuna zai tsaya. Abin da na ji kawai shi ne ina yawan cewa “sai”.

Ranar alhamis surukar ta kira ni. Ta ce gyaɗar gidan ta ƙare tun ranar talata. Ta ce Gwaggo ta sa mayafi ta shiga maƙwabta ta karɓo musu rabin buhu, ta ce za ta ɓare musu kyauta, amma ba za ta taɓa shi ba sai asabar. “Yatsun nata duk sun tsage, Yaya. Bara ma haka ta yi, da ta ga littafinka bai ƙare ba. Ta ce in tambaye ka ko kana tafe.”

Ban ce ina tafe ba. Na kashe wayar na zauna a bakin gado. Ba ni da abin da zan kai, don babin ƙarshe babu shi. In je hannu wofi kuma, a zauna ana kallon juna da rabin buhun mutane a tsakani, wannan ba zan iya ba. Bayan la'asar na jawo kujera. Ban ji wata basira ta sauko ba, tsoron dai yana nan inda yake. Na rubuta ranar, na rubuta juma'a bayan an sauko daga masallaci, na sa yayar telan ta buɗe keken ta sa masa mai ta mayar ta rufe. Ban yage komai ba, don ban san wanne zan yage ba.

Asabar gari ya tashi da lumshi. Na same ta a rumfa, buhun maƙwabta a damanta, bakinsa a ɗaure. Ta ce, “Mushe, ka iso?” kamar ba abin da ya faru, ta kwance igiyar.

Na zauna inda na saba zama. Na yi wa kaina alkawari ba zan ɗaga ido ba, kuma ban ɗaga ba. Na karanta daga farko har ƙarshe, ƙas ƙas na tafiya ba tsayawa, har a wurin keken. Da na gama na kife takardun a cinya.

Ta kakkaɓe zanenta, ta leƙo fuskata. “Yau ba ka dube ni ba ko sau ɗaya. To, ya yi daɗi ko bai yi ba?”

Na kai bakina kunnenta na hagu. “Ban sani ba, Gwaggo.”

Ta jinjina kai, ta taɓa buhun ta ji abin da ya rage a ciki, ta jawo igiya ta ɗaure bakinsa.

“To ka je ka gyara,” ta ce. “Wannan zai kai mu asabar.”