Gefen Kaset Ɗin da Na Hana a Goge

Shekarar da motoci suka canja hannu, suka bar hagu suka koma dama, ina da shekara tara. Ran da dokar ta fara aiki, mu yaran unguwarmu a Gumel muka fita tun da hantsi muka jeru a bakin titin da ya nufi Maigatari, muna jiran mu ga manyan motoci sun yi karo da juna. Ba su yi ba. Motar shanu ɗaya ce ta wuce, direban ya leƙo yana zagin wani mai jaki. Da rana ta yi zafi muka koma inuwar rumfar Ɗanladi tela. Shi Ɗanladi bai daɗe da dawowa daga Kano ba, ya zo da keken ɗinki, da wando mai faɗin ƙafa, da garmaho mai aiki da batir. A nan na fara jin kiɗan da ya kira sol, da wani mai zafi da ya ce sunansa fank. Mutumin da ke cikin faifan yana ƙara kamar an taka masa yatsa, ƙahonni suna amsa masa, can ƙasa kuma wata jita mai kaurin murya tana tafiya ba ta tsayawa. Ban fahimci kalma ko ɗaya ba, Turanci ne. Na tambayi Ɗanladi wane sarki ko wane attajiri ake yi wa wannan waƙa. Ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Ba kowa. Kansu suke yi wa."

Wannan amsa ta ba ni mamaki, domin a garinmu kowane kiɗa da mai shi. Mahauta suna da nasu, manoma suna da nasu, kuma makaɗi gadon gidansu yake yi: ya wasa mutum, mutum ya ba shi. Mu gidanmu manoma ne. Mahaifina, Malam Garba, mutum ne mai natsuwa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma akwai maganar da yake yawan faɗa mana: "Hannun gidan nan fartanya yake riƙewa, ba a miƙa shi don a ba shi." Aikina a lokacin shi ne in kora jaki zuwa rijiya da tuluna biyu tun kafin rana ta fito, in dawo in fitar da awaki, da yamma in tsinto ƙirare wa Inna. In an samu sarari mu yi langa ko ƙwallon tsumma a filin bayan masallaci. Babu kiɗa a cikin wannan tsari.

Sai dai akwai lokaci guda a shekara da hayaniya ke zama aiki. Idan gero ya fara ido, tsuntsaye kan sauko masa kamar hayaƙi, sai a tura yara gona daga safe zuwa yamma da gwangwanaye a igiya su yi ta kaɗawa. Gonakinmu, ni da abokaina huɗu, suna jere da juna, akwai wata tsamiya a tsakiya. A ƙarƙashinta muka kafa ƙungiyarmu. Na haɗa jita da galan ɗin man gyaɗa, da sanda, da wayar birkin keke guda uku. Sabo ya ɗaure fatar akuya a bakin gwangwanin madara manya biyu ya zama mai ganga. Mamman Dogo ya kife garwar kananzir, ya ɗaura mata igiya da gora, ita ce mai kaurin muryar nan. Ɗan'azumi ya samo guntun tiyo ya cusa masa mazurari, ya ce ƙaho ne. Isuhu, wanda iyayensa suka zo daga wajen Damagaram, shi ne mai waƙa, shi ya iya ƙarar nan ta mutumin cikin faifai. Da yake ba mu jin Turanci, sai muka zuba namu kalmomin: waƙar zurfin rijiya, waƙar jakin da ya ƙi tashi. Duk wanda ya jiyo mu daga nesa sai ya ce yaran nan suna da himmar korar tsuntsu.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya ɗauke. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ko tsuntsun ma bai zo ba. Awakinmu bakwai suka koma biyu. Iyayen Sabo suka ɗaure kaya suka tafi Kano, su Isuhu suka yi kudu, aka kai Ɗan'azumi wurin kawunsa a Gagarawa saboda a rage bakuna a gida, Mamman Dogo ya bi wansa dako a kasuwar Maigatari. Ni kaɗai na rage. Na rataye jitata a cikin rumbunmu, domin a lokacin ba abin da ke cikinsa, ba kuma mai leƙawa.

Ɗaya bayan ɗaya suka dawo, amma sai da aka yi damina huɗu kafin mu sake cika biyar. Shekarar ce gwamnati ta buɗe makaranta kyauta, aka yi ta rubuta sunayen yara, ni kuma aka dube ni aka ce na yi girma. Muka koma ƙarƙashin tsamiyar, sai muka tarar kiɗan namu ya canja ba tare da mun shirya ba. Muryar Isuhu ta fashe ta yi kauri, ya daina ƙarar banza. Sabo ya ga makaɗan gaske a Kano, hannunsa ya yi nauyi, ya koyi jinkiri. Waƙoƙin ma ba na jaki ba ne yanzu. Isuhu ya zo da wata a kan ƙanwarsa da aka binne a hanya, a garin da bai san sunansa ba. Ni na yi wata a kan rumbun da ke amsa murya idan ka yi magana a cikinsa. Ɗanladi tela ya sayar da garmaho ya sayi rikoda mai ɗaukar magana. Muka yi masa jan ruwa wata guda, ya ba mu sabon kaset, ya ɗauko rikodar da kansa ya biyo mu gona wata safiya. Waƙa huɗu muka ɗauka a gefen farko. A gefe na biyu muka ɗauki biyu, ta ƙanwar Isuhu da tawa ta rumbu, sauran wurin duk surutunmu ne da dariya da kukan tsuntsaye. Da aka mayar mana muka ji kanmu, sai Mamman Dogo ya ce, "Ashe haka muke."

Kuskuren da aka yi shi ne Ɗanladi ya sa kaset ɗin a rumfarsa ranar kasuwa. Kafin la'asar gari ya ɗauka. A ƙofar masallaci wani abokin wasan Baba ya tare shi a gaban jama'a ya ce, "Malam Garba, ashe gida ya yi albarka. Yaushe za ku zo da yaron ku wasa ni? Na tanadi dami guda." Aka yi dariya. Baba ma ya yi murmushi, ya sa takalmansa ya dawo gida. Ya kira ni zaure ya tambaye ni wa muke roƙo da wannan kiɗa. Na ce ba kowa. Ya ce babu kiɗan da ba roƙo a ƙarshensa. Bai ce a ƙona kaset ɗin ba, shi ba mai ɓarna ba ne. Cewa ya yi ranar Juma'a da safe, lokacin da rediyo ke sa karatun Alƙur'ani, za mu je rumfar Ɗanladi a ɗauki karatun a kansa, gaba da baya. Ya san ba ɗan Musulmin da zai buɗe baki ya ce bai yarda da wannan ba.

Kaset ɗin yana hannuna a wannan makon, domin karɓa-karɓa muke yi. Na tuna Ɗanladi ya taɓa nuna mana wasu 'yan ƙananan harsuna biyu a saman kaset, ya ce in aka karya su rikoda ba za ta ƙara ɗaukar komai a kai ba. Na samu ƙusa na karya su duka biyun. Ranar Juma'a muka je, Baba a gaba ina biye. Ɗanladi ya sa kaset ya danna jan maɓalli, maɓalli ya ƙi shiga. Ya sake dannawa, ya dube ni ta gefen ido. Baba ya gyara zama a kan benci ya ce, "Ɗanladi, injin ne ba lafiya, ko kaset ɗin?" Ɗanladi ba zai iya yi wa dattijo ƙarya ba, ban kuma riƙe shi da wannan ba. Ya tsinci ɗan ƙyalle a ƙarƙashin kekensa, ya dunƙule ya toshe rami ɗaya, maɓalli ya shiga. Na tsaya ina kallon zaren yana juyawa. Na san inda kowace waƙa take, saboda haka na san lokacin da ta rijiya ta tafi, da lokacin da aka kai wurin da Ɗan'azumi ya busa ƙahonsa shi kaɗai. Rabin awa aka yi, sai rikoda ta yi ƙas ta tsaya.

Baba ya ce, "Juya."

Na durƙusa kamar yadda nake yi in zan gaishe shi, amma na ɗora tafin hannuna a kan murfin rikodar. Na ce, "Baba, karatun na karɓa, zan riƙe shi da daraja. Wannan gefen kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai, mu biyar ne. Ba mu roƙi kowa ba, ba mu zagi kowa ba. In duka ne, ga ni."

"Haladu, ɗauke hannunka."

"Ba zan ɗauke ba, Baba."

Ban taɓa ce masa a'a ba sai ran nan. Hannuna bai motsa ba. Masu wucewa suka fara tsayawa. Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To, riƙe abinka. Kunnena dai kada ya ƙara jin sa." Daga ran nan har aka gama girbi bai kira sunana ba, sai dai "kai yaro". Ya cire sandar jitata ya yanke galan ɗin biyu, aka riƙa zuba wa kaji ruwa a ciki. Iyayen sauran suka bi sahu. Ba mu ƙara yin kiɗa tare ba.

Abin da Baba bai lissafa ba shi ne, karatun da ya sa aka ɗauka shi ya tsare sauran. Inna ta naɗe kaset ɗin a farin ƙyalle ta ajiye shi a sama, inda ake ajiye alluna, ta ce abin da ke ɗauke da karatu ba ya zama a ƙasa. Ba yaron da ya isa ya zare zarensa ya yi wasa, ba mai share ɗaki da ta isa ta zubar da shi. Shekarar da ruwa ya rushe ɗakin, shi aka fara fitarwa. Da Baba ya tsufa idonsa ya raunana, yakan ce a sa masa karatun nan, in ya ƙare ya cire kaset ɗin da hannunsa. Har ya rasu bai juya shi ba. Na nemi gafararsa a kan abubuwa da yawa kafin ya tafi, ya kuma yafe mini. A kan wannan ban nema ba, domin har yau ban ga laifin da muka yi ba.

Yanzu yaran Gumel suna ɗaukar waƙa a waya, su goge, su sake, kafin a sauke shayi. Mu sau ɗaya muka samu. Takardar da ke jikin kaset ɗin ta zauna fara shekara da shekaru, domin cikinmu biyar ba wanda ya iya rubutu. Da furfurata na shiga ajin manya na yamma, ina zama a bencin da jikana ke zama da safe. Bayan sunana, abin da na fara rubutawa da hannuna shi ne sunayenmu a kan wannan takarda, sai da na yi kwana uku ina gwadawa a ƙasa tukuna.

Waƙa shida muka ɗauka, huɗu sun tafi, ba kuma wanda ya tuna kalmominsu duka. Mu biyar ne, Sabo da Isuhu da Ɗan'azumi sun rasu, Mamman Dogo kunnensa ya toshe. An sare tsamiyar. Saura waƙa biyu, da dariyar yara biyar, da ni mai saurare.