Ranar da Injiniya Ya Sabunta Laburaren Hotuna

An ce kwamfutar ɗan gwaggona ta yi yaji ne saboda wata uku bai bar ta ta huta ba. Ƙarya ne, ni na ƙirƙiro zancen, kuma ban yi nadama ba.

Injiniya, sunan da ya tilasta mana kiransa da shi ke nan, yana tsara takardu a wani shagon ɗab'i. Girman kai ya hana shi sauke manhaja a shirye kamar kowa. Shi komai sai kwamfutarsa ta gina daga tushe, tana nishi kamar injin markaɗe. Ran Talata ya sabunta laburaren hotuna, wato kayan aikin da manhajoji ke ara su nuna hoto. Daga nan duk manhajar da ya buɗe sai ta mutu nan take. Ga takardun jarrabawar wata makaranta ana jira da la'asar, maigidansa ya rantse in aikin ya kuɓuce, Injiniya ya kama gabansa.

Ya bi saƙon kuskure layi-layi, gumi kamar an tsamo shi a rijiya. Ashe tsohon laburaren da sabuntawar ta share ne manhajojin suke nema. Dole a sake gina su, guda arba'in da uku. Ana kan ta arba'in na shigo shagon, na zare wata wayar lantarki daga soket ɗin bango, na sa cajina. Allon ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Injiniya, ashe ilimin naka duk a soket yake?"

Ya fizge cajin ya jefo mini. Ya ce, "Ita in na kunna, daga ta arba'in za ta ci gaba. Kai kuwa tun aji uku aka zare ka, har yau ba wanda ya mayar."