Matashin Bahago

Mahaifina bahago ne, amma sai wanda ya gan shi a gaban inji zai sani. Da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa, don ya sha duka a kan haka tun yana yaro. Wajen wasa wuƙa ne kaɗai yake sakin hagunsa ta yi yadda ta ga dama.

Rumfarmu tana Runjin Sambo, jikin shagon wani mai walda, Kirista mutumin kudancin Kaduna, da muke kira Kawu. Shi ya liƙa wa injinmu wani guntun ƙarfe a gaban dutsen wasa wuƙa, inda ake jingina wuƙa don kada hannu ya kauce. Baba matashi yake ce masa, kamar dai matashin kai. An karkata shi hagu, daidai tsayuwar mai shi, kuma shekara da shekaru babban yatsan Baba ya goge gefensa har ya yi ɗan rami mai sheƙi.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, rumfa ta dawo hannuna. Ni kuwa da dama nake aiki. Sai in tsaya a karkace kamar mai ciwon ƙugu, wuƙa ta fito gefe ɗaya ya ci, ɗayan bai ci ba. Na san dalili sarai. Amma kullum da safe, kafin in kunna inji, nakan sa yatsana cikin ramin nan, in ji kamar na gaishe shi. A duk yini wannan ce hirar da nake samu.

Mahauta ba su yi mini faɗa ba, ɗauke ƙafa kawai suka yi. Sai in gan su a kan babur, nama a baya, su ɗaga mini hannu su wuce Ƙofar Marke da wuƙaƙensu. Ga Babbar Sallah ta matso, lokacin da a zamanin Baba ko wurin tsayawa ba ka samu a rumfar. Ni kaɗai nake zaune ina kallon tartsatsin waldar Kawu. Kaɗaici ya ishe ni, tsoron rufe rumfar kuma ya fi shi.

Wani tsohon mahauci, aminin Baba, shi ne bai daina zuwa ba. Ran nan ya gwada wuƙarsa a gashin hannunsa, ko sili ɗaya ba ta ɗauka ba.

"Ɗan nan, mi ka damun ka?" in ji shi. "Ubanka ya tahi, kai kau ka tsaya kana wasa wuƙa da hannunai, ba da naka ba. In Sallah ta ishe mu haka, ni ma wani wuri za ni kai."

Yana juya baya na shiga wajen Kawu. Ban gama magana ba ya ɗauko abin yankan ƙarfe.

"Na daɗe ina jiran ka, ɗana," ya ce. "Ban so a ce daga bakina ta fito ba."

Ya tsuguna gaban injin, ya ɗan jima bai kunna ba. "Ranar da na liƙa shi, babanka a nan ya tsaya yana mini tsiya, wai waldata kamar kashin kaji."

Yankan bai ɗauki wani lokaci ba, abin har ya ba ni haushi. Ya miƙo mini guntun da sauran zafinsa, ya liƙa sabo a dama. Na jujjuya tsohon a hannu. Tunda ya bar jikin inji, ƙarfe ne kawai.

Da la'asar tsohon mahaucin ya dawo da wuƙar. Na wasa ta ina tsaye sak. Ya ja ta a hannunsa, gashi ya zubo.

"Yawwa," ya ce. "Wagga kam taka ta. Gobe ina turo ma yaranmu."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Washegari na buɗe rumfa tun mutane ba su fito ba, yatsana ya tafi hagu da kansa. Babu komai a wurin sai kaushin inda aka yanke.